Daminar da Muka Hana Shi Dawowa

Bana ruwa ya yi mana rowa. An yi shuka, gero ya tsiro ya kai tsawon yatsa, sai sama ta ɗauke ɗif, yau kwana goma sha bakwai. Da hantsi in na fito tsakar gida nakan ji warin nan na ƙasa mai ƙuna, wanda bai yi kama da na rani ba. Na rani kowa ya san da zuwansa. Wannan kuwa sai an zuba iri a rami yake zuwa. Ana cikin haka jikata Hafsatu ta zo hutu daga jami'a, ta kawo mini wani littafi mai nauyin ɗan dutsen niƙa.

Tarihin jami'arsu ne, wadda kakanta ya yi. Ta nuna mini hoton ɗakunan katako da aka fara karatu a cikinsu zamanin Turawa, da manyan benayen da suka maye gurbinsu. Can wajen ƙarshe aka jera fitattun da makarantar ta yaye, alƙalai da likitoci da shaihunan malamai, kowa da hula mai faɗi kamar faifai. Ta buɗe wani shafi, sai ga maigidana, Allah ya jiƙansa, yana kallona da idon samartaka. Ta fassara mini abin da ke ƙasan hoton: likita ne, ɗan manomi daga ƙasar Shagari, wanda ƙwazonsa ya kai shi inda ya kai.

Ba su yi ƙarya ba. Ƙwazo yana da shi. Amma akwai damina guda da ba ta shiga littafin nan ba, kuma ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka noma ta.

Ni 'yar Dingyadi ce. Aure ya kawo ni Horo Birni, lokacin yana koyarwa a elementare, shi ya sa har ya bar duniya Malam nake ce masa. Shekara guda muka yi tare kafin a zaɓe shi zuwa karatun likita can Kurmi, ƙasar Kudu. A cikin shekarar nan ya koya mini boko da gawayi a bangon ɗaki, yana rubutawa ina kwaikwaya, in an yi sallama mu goge da tsumma. 'Yan Arewa da ke makarantar a lokacin da yatsu ake ƙirga su. Tafiyar kuwa sai an hau mota zuwa Gusau, sannan a kwana biyu a jirgi. Yanzu Hafsatu na kira na ta waya ta ce mini ga abin da ta ci da rana. Mu wasiƙa ɗaya a wata uku, in ta zo, sallah ce.

A shekararsa ta biyu mahaifinsa ya rasu da kaka. Ya zo ta'aziyya ya koma. Gidan ya rage daga ni sai mahaifiyarsa, Inna, da jaki guda, da awaki uku, da gonar jigawa ta gabas da gari. Ƙannensa mata duk suna gidajen mazajensu. Rumbu kuwa bai kai rabi ba, don kakar da ta wuce ma ba ta yi kirki ba.

Inna na fita takaba, Baffa Sanda ya zo. Wan mahaifin Malam ne, dattijo mai iyali da yawa, kuma ba mugu ba ne, gaskiya ɗaya ce. Ya zauna a kan tabarma, Inna ta durƙusa nesa kaɗan, ni ina bayan zana ina ji.

Ya ce, "Kulu, damina ta taho. Gona ba ta noma kanta. Ko dai yaron ga shi dawo shi riƙe gidan ubanai, ko a haɗe gonar da tawa, in ci da ku awa iyalina."

Inna ta ce, "Yaya, mun gode. Gonar tana da mai ita."

"Mai ita yana Kurmi yana koyon yankan gawa wurin Nasara."

"To, shi koya. Mu muna nan."

"Ku wa?"

"Ni da amarya."

Baffa ya yi dariya har ya tari. Ya ce, "Tsohuwa da ɗiyar da ko ƙwarya ba ta gama fasawa ba? Ku gwada. Amma kar in ji an kira gayya da sunan gidanmu. Ba ni bari a ce zuri'ata ta rasa namiji."

Haka aka hana mu gayya tun ba mu roƙa ba.

Azumi ya faɗo cikin tsakiyar bazara shekarar. Zafin da ake yi, in ka taka yashi da hantsi sai ka ji shi har ƙwaƙwalwa. Da mun sallame asuba sai mu cika mangala da takin awaki da tokar murhu, mu ɗora wa jaki, Inna a gaba ni a baya. Sawu huɗu muke yi kafin rana ta take. Leɓe ya tsage, miyau ya koma kamar ƙaro. In mun dawo mu jiƙa zane mu lulluɓa, mu kwanta a ƙasan rumbu inda iska ke ɗan ratsawa. Buɗe-baki kunun tsamiya ne mai ruwa-ruwa, wanda kake ganin fuskarka a ciki. Inna ita ke auna hatsi, da wani ɗan ƙoƙo, kullum sai ta shafe bakinsa da yatsa ta mayar da abin da ya zubo.

Bayan sallah da kwana shida ruwan farko ya sauka, da la'asar, da iska mai kwashe jinka. Washegari gari ya fashe zuwa gona. Inna ta riƙe sungumi tana sara, ni ina bin ta ina jefa iri ina rufewa da diddige. Wannan ba wanda ya yi magana, don mata na shuka tun kaka da kakanni. Magana ta tashi ne ranar da ciyawa ta taso, na ɗaura zane a ƙugu na ɗauki kalme, wato fartanya, na shiga noman firi da rana tsaka kowa na gani.

A bakin rijiya wata ta ce, don in ji, "Ashe haka matar ɗan boko take? Mu da munka auri jahilai muna inuwa."

Na ce, "Allah shi ƙara muku inuwa." Na ɗauki tuluna. Sai da na shiga gida na yi kuka, ba don maganar ba, don tafin hannuna da ya ɗuri ruwa ya fashe, igiyar guga ta shiga cikin naman. Inna ta kama hannun ta duba, ta shafa mini man shanu, ta ce, "Kwana bakwai na. Daga nan sai shi yi kanta, ki mance da shi." Haka kuwa aka yi.

Mun kai rabin gona da firi ruwa ya ɗauke. Kwana biyar, kwana goma. Kowace yamma hadari ya haɗu a gabas baƙi ƙirin, mu fito da ƙore da tukwane mu jera, sai iska ta taso ta watsa shi, ta bar mu da ƙasa a haƙora. Gero ya fara naɗe ganye kamar tabarma. Aka fita roƙon ruwa sau biyu.

Ranar kwana na goma sha biyu Baffa ya sake zuwa, wannan karon bai ko zauna ba.

Ya ce, "Kulu, na gama shawara. Jiya na tahi Shagari na sa an rubuta mai takarda. Na ce kina kwance, rai ga Allah, in yana son ganin ki shi taho. Gobe kasuwa, mota za ta wuce da ita birni."

Inna ta ɗago kai. Ta ce, "Yaya, ni ka kashe da bakinka?"

"Don in raya gidan ga na. In bai ji haka ba ba shi zuwa."

Mun san abin da takardar nan za ta yi. Malam ya faɗa mana a wasiƙarsa ta baya cewa babbar jarrabawa na gabansa a watan, kuma wanda ya tsallake ta an sallame shi ke nan, ba a sake kiran sa. Mun kuma san halinsa. In ya karanta cewa uwarsa na kwance, ko takalmi ba zai tsaya nema ba.

Da asuba Inna ta tashe ni. Ta ce, "Ɗauko mayahinki."

Yanzu daga nan zuwa Shagari keke mai ƙafa uku ake shiga, kafin a gama gaisawa an isa. Mu da ƙafa muka je, cikinmu ba komai sai ruwa, muna ratsa gonakin mutane da duk suka yi fari-fari. Haka muka yi ta tafiya har muka hango rumfunan kasuwa.

Mai rubuta wasiƙa yana zaune gindin wata bedi, da akwatin katako a gabansa, maza sun kewaye shi. Inna ta ratsa su ta durƙusa.

Ta ce, "Malam, ni ta Kulu ta Horo Birni, wadda kac ce tana bakin mutuwa. Dube ni."

Mutumin ya dube ta, ya dubi mutane, ya ce, "Inna, ni abin da anka ce in rubuta shi nika rubutawa."

"To, ba ni takardar."

"Ba ni iyawa. Amana ta. Wanda yab ba ni shi ɗai ka amsarta."

Ga mota can bakin hanya ana ta lodin buhuna. Ni kuwa ban san sa'ad da bakina ya buɗe ba. Na ce, "In ba a ba mu, a ara mini alƙalami."

Sai dariya ta ɓarke. Wani ya ce, "Kai jama'a, mace da alƙalami! Tuwo za ta tuƙa da shi?" Mai wasiƙa ma murmushi yake yi, ina jin don ya ga ƙarshen wasan ya miƙo mini. Ya ce ba zai buɗe ambulan ba, amma bayanta ba amanar kowa ba ce.

Ban taɓa riƙe alƙalamin ƙarfe ba, gawayi na sani. Hannuna ya yi kanta, yatsun sun ƙi lanƙwasa. Ga kunya, zan rubuta wa miji a gaban uwarsa da mazan kasuwa. Na ɗora ambulan a gwiwa. Tawada ta ɗiga, baƙin farko ya fito kamar sawun kaza. Na ci gaba. Abin da na rubuta bai fi layi uku ba: Inna lafiya lau. Da ƙafarta ta zo Shagari. Kada ka zo.

Dariyar ta mutu tun ina layi na biyu. Mai wasiƙa ya karɓa ya karanta da ƙarfi, ya ce, "Wallahi daidai na." Ya tambaye ni ko zan sa suna. Na ce ba sai na sa ba, wanda ya koya mini ya san yadda nake juya kan baƙin "k" baya.

Inna ta ce, "Mi kir rubuta?" Na maimaita mata. Ta ce, "Ƙara mai, shi ci abinci." Na ƙara.

Muka tsaya har muka ga jakar wasiƙu ta shiga mota, motar ta ɗaga ta yi hanyar Bodinga. Sannan muka juyo.

Kada a ɗauka sama ta ji tausayinmu don wannan. Sai da aka ƙara kwana ashirin da uku ba ɗigo. Shukar farko ta ƙone ƙurmus, sai ɗan abin da ke kwari. Hatsin rumbu ya kai ƙasa, ina shiga ciki in share da tsintsiya. Awaki biyu suka tafi kasuwa, suka dawo a matsayin garin rogo, wanda motoci suka fara kawowa daga Kudu a shekarar. Muna jiƙa shi ya kumbura, ya cika ciki na sa'a guda, sannan ya bar mutum da jiri. Da ya ƙare muka koma daji. Tafasa, yaɗiya, lalo, duk abin da ya yi kore. Sai anza, 'ya'yan wani ɗan itace masu ɗacin tsiya, da sai an jiƙa su kwana uku ana sake ruwa kafin su ciwu. Har yau in na tuna, bayan harshena na ɗaci.

A ɗakin Inna akwai wani tulu da ta liƙe bakinsa da laka. Na san abin da ke ciki: irin gero mai saurin nuna, wanda marigayi mijinta ya zaɓa da hannunsa. Wata rana da azahar, na dawo daga ɗiban ganye, na tsaya ina kallon tulun. Na ce, "Inna, ko ƙoƙo guda. Mu yi kunu."

Ta ce, "In munka sha shi yau, gobe mi za mu ba ƙasa?"

"In ruwan bai zo ba hwa?"

"To, shi iske mu da iri ga hannu. Ba ni mutuwa da kunya."

Baffa ya aiko da kwanon dawa sau ɗaya, da saƙon cewa maganarsa na nan. Inna ta karɓi dawar, don ta ce abincin ɗan'uwa ba a mayar da shi, ta ce a gaya masa tata maganar ma na nan.

A tsakiyar wannan ne amsar Malam ta iso. Ya ce ya ga bayan ambulan kafin ya ga cikinta, ya yi dariya ya yi hawaye. Ya ce ya zauna jarrabawa, kuma daga nan asibiti za a kai su aiki, ba hutu sai bayan kaka. Sannan ya yi ta ba mu labarin makaranta: yadda ake gina sababbin ɗakuna na dutse a cikin kurmi, da yadda ruwa ke zuba musu kullum ba fashi, har littattafansa sun yi funfuna, takalmansa sun ƙi bushewa. Ina karanta wa Inna, da na kai nan sai ta fashe da dariya, irin wadda ban taɓa ji ta yi ba. Ta ce, "Ji wahala! Allah sarki, takalma sun jiƙe."

Ruwan ya dawo ran wata Laraba da hantsi, ba hadari ba iska, kamar wanda ya tuna ya bar abu a gida. Ya yi ta zuba har la'asar. Inna ta fasa bakin tulu da dutse. Muka fita cikin yayyafi, ita da sungumi ni da ƙwarya, muka sake shuka gonar nan tun daga farko, rami bayan rami, ciki ba komai. Mutane da yawa ba su sake ba, don sun cinye irinsu. Ban ga laifinsu ba. Da ni ke riƙe da tulun, da mun sha kunu.

Daga nan sai aiki ya haɗe. Firi, da rage shuka, da maimai. Mukan yi kunya biyu mu zauna, mu yi biyu mu zauna. Sau ɗaya Inna ta faɗi a tsakiyar gona, na yayyafa mata ruwa, ta farfaɗo tana tambaya ina kalmenta. Gero ya yi ciki, ya fid da kai, ya yi bununi. Sai tsuntsaye. Muka ɗaura igiya da fasassun ƙore daga wannan gefe zuwa wancan, muna ja muna ihu har murya ta dushe.

Ranar da muka gasa tumun farko, a nan bakin gona muka hura wuta. Na murza shi a tafin hannu, na hure, na zuba a baki da zafinsa. Na ci abinci a manyan gidaje bayan haka, har a ƙasashen da aka kai mu da jirgin sama. Ban sake cin abu mai daɗin wannan ba.

Dami ashirin da uku muka ɗaure. A shekarar kirki gonar na ba da fiye da hamsin, amma a wannan shekarar ashirin da uku abin a zo kallo ne, kuma an zo. Gonar Baffa, da mazansa huɗu, ba ta kai haka ba, ga bakuna da yawa. Inna ta zaɓi dami uku manya ta ɗora wa jaki, ta ce in kai masa.

Ta ce, "Ki durƙusa ki gaishe shi da kyau. Ki ce mai na gonar mata na."

Na faɗa kamar yadda aka aike ni. Baffa ya daɗe yana kallon dammunan. Ya ce, "Ki ce wa Kulu ta fi ni." Bai ƙara ba, kuma bai sake ɗaga maganar gona ba har ya rasu.

Malam ya iso bayan an gama kai amfani gida, da akwatin ƙarfe da farin wando. Ya shiga gaida Inna, ya fito fuskarsa ta sake. Ya ga yadda wuyanta ya zama kamar kara. A ɗaki ya kama hannuna ya juya, ya shafa kantar da yatsansa mai laushi kamar na jariri. Ba wanda ya gaya masa abin da muka ci, amma likita yake koyo, ya karanta a jikinmu.

Ya kwana uku a gida. Ran na huɗu ya same mu muna sussuka a tsakar gida, ya durƙusa ya ce, "Inna, ba ni komawa. Saura shekara uku. Ba ni iya cin abinci sau uku can, ku kuna nan kuna cin ganye."

Ɗan fari ne, Inna ba ta kallon idonsa, ba ta kuma kama sunansa. Ba ta daina sussuka ba. Ni ta yi wa magana.

"Amarya, tambaye shi, can Kurmi an koya mai noma?"

Ya ce, "A'a, Inna."

"An koya mai tsaron tsuntsu? Ya san kwana nawa aka jiƙa anza?"

Ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "To, mu mun iya. Shi tahi shi gamo abin da ba mu iya ba. In yad dawo hannu banza, wagga damina shi yac cinye ta, ba fari ba."

Ranar da zai koma ta ƙulla masa garin gero a ƙyalle, na gonarmu, ta ba ni in sa masa a akwati. Ba ta fito rakiya ba. Na kai shi bakin zaure na dawo, na neme ta ɗaki ba ta nan. A bayan rumbu na same ta tsaye, ta dafa bango, fuskarta sharkaf.

Ta ce, "Mi kike kallo? Kwance jakin ga, kara na can gona yana jiran mu."

Damina uku muka ƙara, ni da ita.